Daga Kurkuku Zuwa Gidan Jinya: Marty Mann da Tarihin Farfaɗo da Mashaya a Amurka

Gabatarwa

Akwai tambayar da ta daɗe tana ci wa iyaye da likitoci da mahukunta tuwo a ƙwarya, watau idan giya ta ci ƙarfin matashi, har ya kasa barinta ko da ya yi niyya, ina ya kamata a kai shi? Cikin shekaru ɗari biyu da suka wuce an ba da amsoshi iri-iri a ƙasar Amurka. An kai shi kurkuku, an kai shi gidan mahaukata, an kai shi wurin masu sayar da maganin asiri, daga baya kuma aka kai shi gidan jinya inda zai zauna tare da masu ciwo irin nasa. Maƙasudin wannan lacca shi ne bin sawun waɗannan amsoshi ta hanyar tarihin wata mace guda, Marty Mann, wadda jarabar giya ta kama tun tana budurwa, ta kusa halaka ta, sa'an nan ta farfaɗo a wani gidan jinya tsakanin 1938 da 1939. Abin da tarihin nata ya ke nunawa shi ne, zaman gidan jinya yana ceton rai, yana kuma ba mai ciwo sarari ya dawo cikin hayyacinsa, amma warkewa mai ɗorewa tana rataye ne a kan abu biyu: yadda aka riƙe mutum a cikin gidan, da kuma mutanen da zai tarar ranar da ya fito.

Batun ba ƙarami ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya, kuma tsakanin masu shekara 20 zuwa 39 kashi 13 cikin ɗari na mace-macen da aka samu giya ce sanadinsu. Babu wani rukunin shekaru da ya kai wannan.

Yadda aka fara ɗaukar shan giya a matsayin ciwo

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 18, a Ingila da Amurka mashayi mai laifi ne kawai. Idan ya yi tamɓele a titi a kama shi, a ci shi tara ko a kulle shi, in ya wartsake a sake shi ya koma. Likitan da ya fara ja da wannan ra'ayi a Amurka shi ne Benjamin Rush na birnin Philadelphia, ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar neman 'yancin ƙasar. A 1784 ya wallafa ɗan littafi a kan illar barasa ga jiki da hankali, inda ya nuna cewa shan ya kan fara da ganin dama, sa'an nan ya zama al'ada, daga ƙarshe ya zama tilas. Daga bisani ya kawo shawarar a gina gidaje na musamman domin jinyar mashaya. A Ingila ma wani likitan sojan ruwa, Thomas Trotter, ya wallafa littafi a 1804 yana cewa sabo da maye ciwo ne na hankali. A 1849 kuwa likita Magnus Huss na ƙasar Suwidin ya raɗa wa ciwon sunan da Turawa su ke kiransa da shi har yanzu.

Ana cikin wannan sai wani abu ya faru wanda ba daga likitoci ya fito ba. A watan Afrilu na 1840 wasu mashaya shida a wata mashaya ta birnin Baltimore suka yi wa juna alkawarin daina sha, suka kafa ƙungiya suka sa mata sunan George Washington. Abin da su ke yi a taronsu shi ne kowa ya tashi ya ba da labarin yadda giya ta yi da shi. Cikin ɗan lokaci dubban mutane suka shiga, har Abraham Lincoln ya yi musu jawabi a 1842, tun kafin ya zama shugaban ƙasa. Ƙungiyar ba ta yi ƙarko ba, domin siyasa da gardamar addini sun raba kan 'ya'yanta kafin a cika shekara goma. Duk da haka ta bar darasi guda: mashayi ya kan saurari ɗan'uwansa mashayi a inda ya toshe kunnensa ga mai wa'azi da alƙali.

Gidaje uku na ƙarni na 19

Daga waɗannan tushe biyu, na likitoci da na mashayan kansu, aka sami gidaje iri uku. Na farko shi ne irin wanda aka buɗe a Boston a 1857, gida ne ƙarami, mutum da ƙafarsa ya ke zuwa, ya zauna 'yan makonni, ana ƙarfafa masa gwiwa da nasiha da zama da waɗanda suka riga shi tuba.

Na biyu shi ne babban asibitin mashaya na jihar Niyok da aka gina a garin Binghamton. Likita Joseph Edward Turner ya shafe shekaru yana yawon neman kuɗi kafin a aza harsashinsa a 1858, aka fara karɓar marasa lafiya a 1864. Ra'ayin Turner shi ne a tsare mashayi aƙalla shekara guda, a hana shi fita, a sa ido a kan duk abin da ya ke yi. Shugaban hukumar asibitin, likita Willard Parker, yana ganin tsanani ya yi yawa. Rigima ta yi ƙamari har aka raba Turner da aikinsa, kuma a 1879 gwamnatin jihar ta mai da ginin gidan mahaukata. Gardamar Turner da Parker, watau a tsare ko a rarrasa, ba ta mutu tare da su ba, za a sake cin karo da ita a gaba.

Na uku shi ne na Leslie Keeley, tsohon likitan soja, wanda ya buɗe cibiyarsa a wani ɗan ƙauye mai suna Dwight a jihar Illinois a 1879. Ya yi shelar cewa ya gano maganin da aka haɗa da zinariya wanda ya ke kashe sha'awar giya. Mai jinya ya kan yi mako huɗu, yana shiga layi sau huɗu a rana ana yi masa allura. Keeley bai taɓa bayyana abin da ke cikin maganin ba, sauran likitoci kuwa suka ɗauke shi ɗan damfara, amma rassansa sun haura ɗari, kuma mutane da yawa sun daina sha bayan sun je. Masana tarihi sun fi karkata ga cewa sirrin yana wajen allurar. Masu jinya a Dwight ba a kulle su ke ba, a gidajen haya na cikin gari su ke kwana, suna yini tare suna hira, ana girmama su, in sun koma garuruwansu kuma sai su shiga ƙungiyar tsofaffin masu jinya ta Keeley.

Da dokar haramta giya ta fara aiki a Amurka a 1920, sai aka ɗauka matsalar ta ƙare, yawancin waɗannan gidaje suka rufe. Da aka soke dokar a 1933 sai ga mashaya birjik, wuraren jinya kuwa ƙalilan. Talaka sai kurkuku ko gidan mahaukata na gwamnati, mai kuɗi sai ɗakunan jinya masu tsada inda za a wanke masa jiki ya fito ya koma ruwa. A wannan hali ne Marty Mann ta sami kanta.

Ƙuruciyar Marty Mann

An haife ta a Shikago ranar 15 ga Oktoba, 1904, a gidan wadata. Mahaifinta babban ma'aikaci ne a wani shahararren kanti na birnin, shi ma kuwa mashayi ne, kuma daga baya dukiyarsa ta lalace. Tana da shekara 14 aka gano tana da tarin fuka, aka tura ta jinya jihar Kalifoniya. A wancan zamani tarin fuka abin kunya ne da iyalai ke ɓoyewa. Ta warke, ta kuma rayu ta ga yadda wayar da kan jama'a ya kawar da wannan kunya. Abin ya zauna mata a rai, ya yi mata amfani bayan shekaru.

Ta fara sha ne a lokacin da doka ta haramta giya, sa'ad da shan a ɓoye ya zama abin burgewa ga 'ya'yan masu hali. Ta yi suna wajen iya sha ba tare da ta bugu ba, abokanta suna yaba mata. Likitocin yanzu sun san cewa irin wannan juriya alama ce ta haɗari, domin mai ita ya kan sha fiye da kowa kafin jikinsa ya gargaɗe shi. Ta yi aure tana da shekara 22, auren ya mutu cikin kimanin shekara guda. A 1930 ta koma Landan, ta shiga harkar ɗaukar hotuna, ta yi hulɗa da marubuta da masu zane. Cikin 'yan shekaru sai giya ta juya mata baya. Ta fara manta abin da ta yi a daren jiya, ta fara buƙatar kurɓa da sassafe kafin hannunta ya daina rawa. A 1934, ana cikin wata liyafa, ta faɗo daga saman bene, ta kakkarye, ta yi watanni a gadon asibiti. Har ta mutu ba ta iya tantance ko faɗowa ta yi ko kuwa da gangan ta jefo kanta ba. Da ta fito ta ci gaba da sha, aiki ya kuɓuce, kuɗi suka ƙare, har ta kai ga yini a bencin lambun shaƙatawa da kwalba a hannu.

A ƙarshen 1936 ta koma Amurka a jirgin ruwa, tana da tabbacin cewa haukacewa ta ke yi. Ta bi likitoci da dama, wasu suka ce ba su da abin da za su yi mata. Daga baya aka kwantar da ita a asibitin Bellevue na birnin Niyok na wasu watanni, a ƙarƙashin likitan jijiyoyi Foster Kennedy. Daga can ne aka samar mata gurbi kyauta a Blythewood, wani gidan jinyar masu kuɗi a garin Greenwich na jihar Connecticut. Ta shiga a tsakiyar 1938 tana da shekara 33, bayan giya ta cinye mata fiye da shekara goma na ƙuruciya.

Wata 15 a Blythewood

Kafin a shiga abin da ya faru a can, ya kamata a bayyana dalilin da ya sa wasu mashaya ke buƙatar kwanciya. Giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwa ta kan ƙara ƙaimi domin ta rama wannan dannewa. Ranar da aka yanke giyar farat ɗaya sai ƙaimin ya rage ba abin da zai tare shi. Cikin awa 6 zuwa 24 sai makyarkyata da zufa da tashin zuciya da rashin barci su fara. Cikin kwana biyu wasu su kan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuwa wasu ƙalilan su kan shiga ruɗewa mai tsanani, da zazzaɓi da gane-gane da sambatu, wadda ta kan kashe mutum in babu likita kusa. Saboda haka ne likitoci ke gargaɗin kada wanda ya yi nisa a sha ya daina shi kaɗai a ɗaki, kada kuma a kulle shi a ce horo ne. A yau ana ba irin wannan majiyyaci magungunan kwantar da jijiyoyi, ana rage su a hankali, tare da sinadarin bitamin B1 domin kare ƙwaƙwalwa. Wannan mataki mako guda ya kan ɗauka ko ƙasa da haka. Shi ne mafi haɗari, amma shi ne mafi sauƙi. Aikin da ya fi wuya yana gaba.

Babban likitan Blythewood shi ne Harry Tiebout, likitan ƙwaƙwalwa. Ana barin masu jinya su shiga gari. Marty ta kan tafi Niyok, ta yi niyyar ba za ta sha ba, ta dawo a buge. Haka aka yi ta yi har watanni suka shuɗe, ita da likitan duk suka kusa fid da rai. Tana da abinci mai kyau, da ɗaki mai tsabta, da likita ƙwararre mai sauraronta, amma duk wannan bai hana ta komawa ga kwalba ba.

A farkon 1939 aka aiko wa Tiebout kwafin wani littafi da ba a riga an buga ba, domin ya duba. Wasu mashaya ne suka rubuta shi. Jagoransu, Bill Wilson, ya daina sha a watan Disamba na 1934 yana kwance a asibitin Towns na Niyok, a 1935 kuma ya haɗu da wani likitan fiɗa mashayi, Bob Smith, a garin Akron, suka gano cewa taimakon wani mashayi shi ke tsare su daga sha. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, watau ƙungiyar mashayan da ba sa bayyana sunayensu ga jama'a. Tiebout ya miƙa wa Marty littafin. Bayanin da ke ciki, cewa ciwo ne gare ta mai suna, ba hauka ba, ya faranta mata rai. Amma yawan ambaton Allah da maganar miƙa wuya sun ɓata mata rai, ta yi makonni tana gardama da likitan, shi kuwa yana ce mata ta ci gaba da karatu. Wata rana wani al'amari na iyali ya fusata ta ƙwarai, ta ji ba abin da ta ke so sai giya. Idonta ya faɗa kan littafin yana buɗe, a daidai inda a ke bayanin cewa fushi da ƙullata guba ne ga mashayi. Ta ba da labari daga baya cewa a nan ta durƙusa, ta yi kuka, ta ji an sauke mata wani nauyi.

A watan Afrilu na 1939 ta halarci taronta na farko a gidan Bill Wilson da ke unguwar Brooklyn. Da ta koma Blythewood ta shaida wa wani abokin jinyarta cewa daga yau sun daina zama su kaɗai. Tiebout, wanda ya ga yadda ta canja, ya shafe sauran rayuwarsa yana nazarin abin. A wata maƙala da ya wallafa a 1949 ya bambanta tsakanin majiyyacin da ya bi umarni a baki alhali zuciyarsa tana turjiya, da wanda ya amince har cikin ransa cewa giya ta fi ƙarfinsa. Na farko da zarar an ɗauke ido zai koma, na biyu shi ke da damar warkewa. Wannan bambanci amsa ce ga tsohuwar gardamar Turner da Parker: ana iya tilasta wa mutum biyayya da kwaɗo da makulli, amma ba a iya tilasta masa amincewa.

Bayan fita

Marty ta bar Blythewood a ƙarshen 1939. Ba ta miƙe nan da nan ba, ta sake sha har sau uku cikin shekara ɗaya da rabi na farko. Bambancin shi ne a wannan karo akwai waɗanda za su neme ta, akwai kuma inda za ta koma ba tare da an kore ta ba. Daga 1940 ta tsaya da ƙafarta, ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka daɗe a ƙungiyar, a zamanin da mace mashayiya ta fi namiji shan tsangwama nesa ba kusa ba. Tana cikin waɗanda suka taimaka aka mai da wata gona a garin Kent na jihar Connecticut, wadda a ke kira High Watch, wurin da mashaya za su je su zauna su farfaɗo bisa koyarwar ƙungiyar.

A 1944, tare da goyon bayan masana na Jami'ar Yale, musamman E. M. Jellinek, ta kafa kwamitin ƙasa na wayar da kan jama'a game da ciwon shan giya. Ta bayyana sunanta da tarihinta a gaban 'yan jarida, abin da mace mai mutunci ba ta taɓa kuskura ta yi ba a lokacin. Saƙonta uku ne: jarabar giya ciwo ce kuma mai ita majiyyaci ne; ana iya taimakonsa kuma ya cancanci taimako; al'amarin na lafiyar jama'a ne, don haka nauyinsa yana kan jama'a. Abin da ta gani game da tarin fuka tun tana yarinya shi ta ke son maimaitawa. Ta zagaya Amurka tana lacca, ta wallafa littafi a 1950. A 1956 ƙungiyar likitocin Amurka ta yi kira ga asibitoci su riƙa karɓar mashaya kamar sauran marasa lafiya, a 1970 kuma majalisar ƙasar ta zartar da dokar da ta kafa cibiyar gwamnati ta binciken ciwon. Marty ta rasu ranar 22 ga Yuli, 1980, tana da shekara 75. Littafin tarihinta da aka wallafa a 2001 ya bayyana cewa bayan kimanin shekara 20 ba ta sha ba, ta taɓa zamewa na ɗan lokaci, ta kuma sake tashi.

Tsarin Minisota da jinyar matasa

Abin da ya haɗu a rayuwar Marty bisa katari, watau likita da gida da zumuntar tsofaffin mashaya, shi aka mayar tsari a jihar Minisota. An buɗe Pioneer House a 1948, Hazelden a wani gidan gona na Center City a 1949, sa'an nan daga 1950 Nelson Bradley da Daniel Anderson suka buɗe ƙofofin sashen mashaya na asibitin gwamnati da ke Willmar, waɗanda a dā a kulle su ke. Suka haɗa likita da ma'aikacin jinya da masanin halayyar ɗan'adam da malamin addini da tsohon mashayi a matsayin mai ba da shawara, duk su yi aiki tare a kan majiyyaci guda. Zaman ya daidaita a kan kimanin kwana 28. Da aka lura cewa wasu ba su da inda za su koma, sai Hazelden ta buɗe gidan sauka a birnin St. Paul a 1953, inda mutum zai zauna yana fita aiki kafin ya koma cikin jama'a sosai. Ta buɗe gidan mata a 1956, a 1981 kuma ta karɓi Pioneer House ta keɓe shi domin samari da 'yan mata.

Keɓewar tana da dalili. Binciken da Bridget Grant da Deborah Dawson suka wallafa a 1997 ya nuna cewa a cikin waɗanda suka fara sha kafin shekara 15, kimanin kashi 40 cikin ɗari sun kamu da jarabar, alhali waɗanda suka fara bayan sun kai 20 kimanin kashi 10 ne. Bugu da ƙari, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsara al'amura da kame kai ba ya gama nuna sai mutum ya kai kimanin shekara 25. Dattijon mashayi yana da sana'a da iyali da zai koma musu, matashi kuwa sau da yawa giya ta tare shi tun bai gina kome ba. Don haka gidan jinyar matasa yana buƙatar makaranta da koyon sana'a, yana kuma buƙatar iyaye su shiga cikin jinyar, domin gidansu zai koma.

Sa'ad da gida ya koma kurkuku

Ra'ayin Turner bai ɓace ba. A 1976 aka kafa wata cibiya mai suna Straight a jihar Florida domin matasa masu shaye-shaye. Iyaye a ruɗe su kan kai 'ya'yansu, a tsare su watanni, a hana su barci, a sa 'yan'uwansu su danne su suna yi musu ihu, duk da sunan karya taurin kai. Ƙararraki suka yi yawa a kotuna, hukumomi suka shiga bincike, cibiyar ta rufe a 1993, ta bar mutane da yawa da tabon da ya fi wanda suka zo da shi. Ƙasar Hausa ma ta ga irin wannan. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da fiye da mutum 300, manya da yara, daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa, aka kuma sami makamantansa a wasu garuruwa cikin makonnin da suka biyo baya. Da yawa iyayensu ne suka kai su, da kyakkyawar niyya, domin a raba su da shaye-shaye. A Florida da Kaduna dalilin ɗaya ne: iyaye sun rasa mafita, wuraren jinya na gaskiya sun yi ƙaranci, kuma babu mai leƙa abin da ke faruwa bayan katanga.

Abin da bincike ya tabbatar

A 1986 William Miller da Reid Hester suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, suka nuna cewa in an ɗauki majiyyata gaba ɗaya, kwanciya ba ta fi jinyar je-ka-ka-dawo sakamako ba. Binciken da ya biyo baya ya daidaita maganar: kwanciya ta fi amfanar wanda ciwonsa ya yi tsanani, ko yana da wata cutar ƙwaƙwalwa tare da shan, ko ba shi da matsuguni, ko kuwa gidansu da abokansa duk mashaya ne. An kuma sami magunguna masu taimakawa, irin su disulfiram da aka amince da shi a Amurka a 1951, da naltrexone a 1994, da acamprosate a 2004. A 2020 wani babban nazari da ya haɗa bincike 27 a kan mutum fiye da 10,000 ya nuna cewa jinyar da ke haɗa majiyyaci da ƙungiyar tsofaffin mashaya ta yi daidai da sauran hanyoyi, a wajen daina sha kwata-kwata ma ta fi su.

Kammalawa

Daga Binghamton zuwa Blythewood, daga Dwight zuwa Center City, an gwada katanga, an gwada allura, an gwada hutu a wuri mai ni'ima. Gidajen da suka amfani mutane su ne waɗanda suka tsare rai a kwanakin farko masu haɗari, suka mutunta mai ciwo, suka kuma haɗa shi da waɗanda za su riƙe shi bayan ya fita. Marty Mann ta yi wata 15 a gidan jinya, ta yi shekara 41 a waje bayan haka, a wajen ne kuma aka yi yawancin aikin, har da zamewa da tashi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uban da zai kai ɗansa irin wannan gida yana da haƙƙin ya tambaya: akwai likita a wurin, ana barin iyaye su shiga su gan shi, wace hukuma ce ke duba gidan, wane shiri aka yi masa kuma na ranar da zai dawo?